Kwalbar da Na Bari a Kan Taga

A wata na uku da zuwana Nijeriya muryata ta fara dushewa. Ni ne na fara lura, domin aikina ke nan. Shekara takwas ina karanta labarai a wani ƙaramin gidan rediyo a Dogon Dutsi, na san muryata kamar yadda manomi ya san gonarsa, inda take da tudu da inda ruwa ke kwanciya. Kwas na wata tara ya kai ni can, a wata makarantar koyon aikin watsa labarai da ke babban birnin wata jiha, wadda ba zan ambaci sunanta ba. A ƙarshen kwas ɗin akwai jarrabawa guda da ta fi sauran duka: a zaunar da kai gaban makirfo, a kunna jar fitila, ka karanta labarai na minti goma kai tsaye. Wanda bai karanta ba, babu takarda. Ni kuwa an sake ni daga wurin aiki ne bisa sharaɗin in dawo da takardar, kuma na bar mutum biyu suna kallon kujerata.

Na ɗora laifin a kan ruwan sanyi, na daina sha. Na sha citta da zuma, na tauna kanumfari. Bayan mako biyar, idan na kai tsakiyar doguwar jimla sai muryar ta tsage biyu, rabi ya fito, rabi ya tsaya a maƙogwaro. Malamin da ke koya mana karatu ya cire abin sauraro daga kunnensa ya ce, "Lawali, wannan ba mura ba ce. Je ka asibiti."

A gida na san yadda ake zuwa asibiti. Tsani ɗaya ne. Idan kana Gecheme, garin mahaifiyata, da majo za ka fara, wato babban malamin jinya na ɗakin shan magani. In abin ya fi ƙarfinsa ya rubuta maka takarda, ya buga hatimi, ka hau zuwa asibitin gunduma. Daga can sai Dosso, daga Dosso sai Yamai. Ban ce ba a jira ba, ban ce ba a rasa magani ba. Ana jira, ana rasawa. Amma duk wanda ka tarar a bayan tebur, daga ƙauye har babban birni, ubangidansu ɗaya ne, kuma takardar na ƙasa tana da nauyi a hannun na sama. Mu an rene mu da hatimi. Idan takarda ta zo da shuɗin zagaye a ƙasanta, a wurinmu gwamnati ce ta yi magana.

Don haka na fara daga ƙasa, kamar mai tarbiyya. Na je ƙaramin asibitin unguwar da nake haya. Wata mata mai kimanin shekarun yayata ta haska maƙogwarona da fitilar wayarta, ta ce ba aikinsu ba ne. Ta yagi takarda daga littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ta rubuta layi uku, ta miƙo mini.

Na ce, "Hajiya, babu hatimi."

"Yana sakatariya. Me za ka yi da shi?"

"Don su karɓe ni a can."

Ta yi dariya, ba ta raini ba. "Ko na buga maka goma, can ba ruwansu da shi. Mu na ƙaramar hukuma ne, su na gwamna ne. Mu kanmu wani watan ba mu san wa zai biya mu ba. Ka dai je da wuri."

Na fita ina cewa a raina wani abu take so in ba ta, shi ya sa ta ɓoye hatimin. Wannan shi ne zargina na farko. Akwai wasu da yawa a gaba.

Babban asibitin jiha yana da doguwar katanga, da masu sayar da kaya a jere a gindinta. A cikinsu akwai wani dattijo siriri, fari, da malfa a ƙeya, zaune a tsakiyar butoci da bokitai da tabarmi, irin kayan da masu jinya ke bukata. Ina wucewa ya kalli zanen da ke kumatuna ya ce, "Kai, Ba'are. Wa yas sake ka har ka ƙetaro iyaka ba da izinin ubangijinka ba?"

Wanda bai san Arewa ba, wato ƙasarmu ta Arawa a wajen Dutsi, zai ce zagi ne. Tsakaninmu da Fulani wasa ne tun kakanni, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa. Amma rabona da jin wannan wasa wata huɗu, kuma sai ga shi a bakin baƙo, a ƙofar asibiti, ranar da nake da rauni. Ya ce sunansa Hammadu, mutanensu na kiwo a wajen Sukukutane. Na tambaye shi hanyar da ake bi daga can zuwa Dutsi. Ya faɗa daidai, har da inda mota ke kafewa a rairayi. Maimakon hankalina ya kwanta, sai na ce lallai wannan ya yi shiri sosai. Kafin in baro gida an gargaɗe ni cewa wanda zai cuce ka a baƙon wuri da harshen garinku yake zuwa.

Ya dubi takardar da ke hannuna ya ce, "Wagga ba ta buɗe komi nan. Tahi ka yanki kati sabo, taga ta biyu. In wani ya tare ka bisa baranda da hwarar riga, kar ka ba shi hannu. Ba ni lambarka, ko wani abu ya taso."

Na ba shi, amma na canza lamba ɗaya a ƙarshe. Na ji daɗin wayona.

A kan baranda kuwa wani ya tare ni, da farar riga mai guga da kati rataye a wuya. Hausarsa tsaf, irin wadda muke so a rediyo. Ya ce gwamnatin jiha tana da shirin lafiya don mutanenta, kuma baƙo daga wata ƙasa ba zai ga babban likita ba sai da katin shirin. Ya ce yana tausayina, zai iya shigar da sunana. Kafin mu rabu ya rage murya ya ce, "Na ga kana magana da Bafillacen can. Ka yi hankali, ɗan kamasho ne." Washegari ya kawo mini kati mai leda, da hotona, da hatimi har biyu, ɗaya shuɗi ɗaya ja. Na biya shi ina godiya.

Matar da ke taga ta biyu ta juya katin gaba da baya, ta ɗago ta dube ni.

"Wa ya ba ka wannan?"

Na kwatanta mata shi.

"Sa a aljihu, kada wani ya gani. Ba namu ba ne. Kuma ba ka bukatarsa. Shirin gwamna daban, ganin likita daban. Kowa na yankan kati a nan, ko daga ina ya fito." Ta rubuta sunana, ba ta ko tambayi ƙasata ba. Da ta ga na kasa ɗaga kai sai ta ce, "Ba kai ne na farko ba, malam. Bi layin can."

Ga abin da na fahimta daga wannan, kuma ina faɗa ne don a ga yadda hankali ke aiki idan tsoro ya shige shi. Na ce ai su biyun tare suke. Ɗaya ya gargaɗe ka game da ɗaya, duk wanda ka gudu wurinsa, aljihu ɗaya ne. Da na fito na bi ta ɗaya gefen titi don kada in haɗu da Hammadu.

Likitan jiha ya ce sai an zura kyamara a maƙogwaro, su kuwa ba su da ita, ba su da ƙwararre nasu na kunne da hanci da maƙogwaro. Ya tura ni asibitin koyarwa na gwamnatin tarayya, a ɗaya ƙarshen gari.

A can komai ya koma farko. Sabon kati, sabon fayil, sabuwar lamba. Gwajin jinin da na yi kwana shida da suka wuce a asibitin jiha, wani matashin likita ya ture shi gefe da bayan biro ya ce sai an sake a ɗakin gwajinsu. Na ce ai duk na gwamnati ne. Ya ce, "Wace gwamnatin?" Ba da gatse ya yi tambayar ba, so yake ya sani. A aji mun yi mako guda muna koyon yadda ake fassara kalmomin tsarin tarayya: gwamnatin tarayya, ta jiha, ƙaramar hukuma. Na ci wannan jarrabawa da maki mai kyau. Ban san kalmomin suna da ƙofofi da masu gadi ba sai a wannan rana.

Bayan mako uku na ga babban likitan, mutum mai furfura da ba ya ɓata kalma. Ya zura siririyar kyamara ta hancina, ya juyo mini allon. A gefen hagu na igiyar muryata akwai wani tsiro kamar ƙwayar dawa.

"Sai an cire," in ji shi. "Yawanci ba komai ba ne. Amma ba na rantsuwa a kan abin da ɗakin gwaji bai duba ba."

Na gane abin da bai ambata ba. Ya sa mini rana. Saura kwana biyu ranar ta zo, ƙananan likitocin asibitocin tarayya suka shiga yajin aiki, saboda wata rigima tsakaninsu da Abuja. Aka rufe ɗakin tiyata. A ɗaya ƙarshen gari asibitin jiha na aikinsa kamar kullum, domin su da gwamna suke da magana, ba da Abuja ba. Saura wata biyu da rabi jarrabawata.

A wannan makon na fi jin kewar gida. Matata Zalika takan kira ni da la'asar, in ji kukan awaki a bayanta da ƙarar turmin maƙwabta. Mahaifiyata ta aiko ta da saƙo cewa danginta na Lugu sun duba, sun ce doguwa ce, wato aljana, ta riƙe mini wuya, in dawo a yi abin da ya kamata. Ƙanena mai shago a kasuwar Dutsi ya kira ya ce kada in saurari wannan shirka, in dawo a yi mini ruƙiya. Abu ɗaya suka haɗu a kai, wato in dawo. Na auna. In na koma, kwas ya tafi, kujera ta tafi, kuma zan kama tsani daga matakin farko. Zalika ce kaɗai ba ta ce in dawo ba. Ta ce dai tsohuwa har yanzu tana kunna rediyo da ƙarfe bakwai, ta saurari wanda ya maye gurbina, ta ce yaron yana cinye ƙarshen kalma.

Na koma asibitin tarayya in ji ko akwai labari. Babu. Ina fitowa, sai ga Hammadu a bakin ƙofa da ɗaurin tabarmi a kafaɗa. Na ce ashe bibiyata yake yi.

"Ba'are, ka rame. Gero ya ƙare ne?"

Na ce, da abin da ya rage na muryata, "Baffa, me kake yi a nan?"

"Ina da mai saye nan ma. Ciwo ba shi da jiha." Ya sauke tabarmin. "Sun ɗage maka aiki ko? Likitan wuya, mai hurhura?"

Ban gaya masa sunan likitana ba, ban gaya masa ciwona ba. Daga baya na gane duk mai kunne zai san ciwona da jin gaisuwata, kuma likitan wuya babba ɗaya ne a garin. A lokacin dai na ƙara rubuta wannan a cikin laifuffukansa.

Ya ce, "Saurara. Mutumin nan ran Litinin na tarayya ne, ran Alhamis na gwamna ne. Jiha ta ɗauke shi haya, shina yin aiki can asibitinmu da sahe. Manya ba su cikin yajin. Tahi ka same shi can, ka ce ya mai da sunanka takardar Alhamis."

Aikina ya koya mini kada in karanta labari sai na ji shi daga baki biyu. Na koma wurin matar taga ta biyu na tambaye ta. Ta ce haka ne. Na samu likitan, ya duba littafinsa, ya ce Alhamis ta sama. Ko a lokacin ban ce Hammadu ya taimake ni ba. Na ce yana kiwon ni ne, kamar yadda Fulani suke kiwon bijimi kafin kasuwa.

An yi aikin da hantsi, a asibitin jiha. Da na farfaɗo likitan ya tsaya a kaina ya ce, "Kwana goma ba magana. Ba raɗa, ba gyaran murya. In ka yi, tabo zai zauna a wurin, kuma tabo ba ya karanta labarai." Wata nas ta nuna mini ƙaramar kwalba mai ruwa fari, da wani ɗan abu ja-ja yana yawo a ciki, an manna filasta da sunana. Ta ɗora ta a kan taga kusa da gadona. Na gyaɗa kai. Washegari Juma'a aka sallame ni, na ɗauki jakata da butata na tafi, na bar kwalbar a inda take.

Ban manta da ita ba. Barinta na yi da gangan. Lokacin da aka yi zargin mahaifina na da tarin fuka, majo ne ya karɓi majinarsa, ya rubuta, motar gunduma ta zo ta ɗauka, sakamako ya dawo ta hanyar da ya bi. Ban taɓa tunanin asibitin gwamnati zai yanki naman mutum ya miƙa masa ya ce ya san inda zai kai ba.

Ranar Talata na koma da ɗan littafi da biro. Na rubuta wa nas ɗin: "Sakamako?" Ta karanta, ta nuna taga da haɓa. Kwalbar na nan, rana ta fara cin rubutun filastar.

"Mun yi ta cigiyarka. Mu ba mu da ɗakin duba nama, sai asibitin tarayya. Mai abu shi ke kai abinsa."

Na rubuta: "Asibiti ba ya aikawa?"

"Da motar wa? Su ba a ƙarƙashinmu suke ba, mu ba a ƙarƙashinsu muke ba. Ɗauki, malam, kada ta ɓace."

Na sa ta a aljihun gaba, na hau babur zuwa ɗaya ƙarshen gari. Mai gadi ya ce ana yaji. Na nuna masa kwalbar, ya matsa baya, ya bar ni na wuce. A tagar ɗakin gwaji wani ya dubi takardar da aka haɗo ni da ita ya ce ta jiha ce, su sai tasu, kuma sai likitan asibitinsu ya sa hannu. Na rubuta cewa likitan nasu ne ya yi aikin. Ya ce, "A nan ya yi?" Na girgiza kai. Ya ɗaga kafaɗa. Ina da amsoshi guda goma a bakina, masu tsari, waɗanda da na faɗe su da muryata ta da, da ya tashi tsaye. Na haɗiye su duka. Na tsaya a rana da naman wuyana a aljihu.

Akwai kuma wata matsalar. Shugaban kwas ya riga ya kira ni ya ce na cinye duk kwanakin fashin da doka ta yarda. In na ƙara ko ɗaya, ba zan zauna jarrabawa ba, ko da murya ko babu. Ɗakin gwajin kuwa ba ya karɓar kaya sai kafin azahar, daidai lokacin aji.

Ban san abin da ya mai da ni ƙofar asibitin jiha ba. Wataƙila don babu wani wuri. Hammadu na ganina ya gyara zama.

"Yau Ba'are ya yi shiru. Allah ya karɓi roƙon Fulani."

Na rubuta masa bayani, shafi guda. Ya riƙe littafin a juye ya ce, "Ni boko ban san shi ba. Shanu ba su rubutu." Sai na fito da kwalbar.

Wasan ya bar fuskarsa gaba ɗaya. Ya dube ta ya daɗe. "Kwana nawa?"

Na ɗaga yatsu biyar.

"Kawo. Da katinka na can."

Ya miƙo hannu. Na tsaya ina kallon hannun. Wannan kwalba ita kaɗai ce a duniya, ba a yanka sau biyu. In ta ɓace, ba wanda zai taɓa gaya mini ko abin da aka cire mai dawowa ne. Mutumin da ke neman in ba shi kuwa ba shi da ofis, ba shi da farar riga, ba shi da ko rasit. Ya ce, "Masu gwaji ba su yaji, ƙungiyarsu daban. Takarda ce matsala, ita kuwa tana cikin motar likita. Kai tahi makarantarka." Na ba shi. Ban ba shi don na yarda da shi ba. Na ba shi don lissafina ya ƙare.

Laraba da yamma na zo, babu shi, an rufe kayansa da buhu. Mai lemo na kusa ya ce bai fito ba. Alhamis ma haka. A kwana biyun nan na yi tunanin da nake jin kunyarsa. Ni da na yi shekaru ina gabatar da shirin lafiya, ina gaya wa mutane su bar camfi, na zauna a aji ina tuna labaran da ake yi a gida game da abin da ake iya yi da gashin mutum ko farcensa. To ina ga naman muryarsa? Na ga kwalbata a gaban wani boka. Na ga wanda ke jiran kujerata a Dutsi, har na tambayi kaina ko yana da dangi a Sukukutane.

Juma'a bayan masallaci na same shi zaune cikin butocinsa yana cin gyaɗa. Ya laluba aljihu ya miƙo mini wani yankin kwalin shayi. An rubuta lamba a kai da biro. Shi ke nan. Babu suna, babu sa hannu, babu hatimi.

"Mako ukku. Ka kai wannan taga, su ba ka takarda."

Na juya kwalin, na buɗe hannuwa ina tambaya.

"Laraba na wuni bakin ohis ɗin likita can, bai shigo ba. Jiya na tare shi nan wurin mota, yas sa hannu, kahin in kai can mai karɓa ta tashi. Yau da sahe sunka karɓa. Rasit ɗin na cikin fayil ɗinka, lamba ita ce abin riƙo. Kar ka wanke riga da ita, na san Arawa da son wanki ran Juma'a kaɗai."

Na sa hannu a aljihu. Ya ture hannun da ƙafar buta. "Bawa ba shi biyan ubangijinshi. In murya ta dawo ka gaishe ni cikin rediyo."

A ɗaki na ajiye kwalin kusa da katin leda mai hatimi biyu. Duk wanda aka rena kamar ni, in aka ce ya zaɓi na gaskiya a cikinsu, na san wanda zai ɗauka. Sau biyu na kusa jefa kwalin a shara.

Kwana goma suka cika, na fara magana kaɗan-kaɗan, minti biyar da safe, minti biyar da yamma. Muryar ta dawo a ƙasa da inda na bar ta, amma guda ɗaya ce, ba ta tsagewa. Ranar da mako uku suka cika Juma'a ce, aji ya tashi da wuri. Na je tagar na miƙa kwalin ina jiran a yi mini dariya. Matar ta duba lambar, ta buɗe wani babban littafi, ta bi layi da yatsa, ta shiga ciki ta fito da ambulan. Likitan ya karanta a tsaye a bakin motarsa ya ce, "Ba daji ba ne. Yawan aiki ne. Ka rage ihu, ka sha ruwa." Na ce ban taɓa ihu a rediyo ba. Ya ce, "To ka rage a gida."

Na karanta labaraina na minti goma a ranar da aka sa. Na yi tuntuɓe sau ɗaya, a kan sunan wani gari. An ba ni takardar.

Ana gobe zan koma gida na je wurin Hammadu da hantsi. Na zauna a kan tabarmar sayarwa, ya ce in na ɓata ta na saya. Na gaya masa sakamakon. Na gaya masa har da abin da na yi zato game da shi da mai farar riga, domin na ga bai kamata in tafi da shi a ciki ba. Ya yi dariya har malfarsa ta faɗi.

"Na sani. Tun ran Juma'ar da anka sallame ka na ga kwalba bisa taga, na tambaya anka ce ta wani mai zane ce. Na kira lambar da ka ba ni. Wata Bayarbiya ta ɗauka, ta wanke ni tas."

Na ce, "Baffa, me ya sa?"

Ya ɗauki malfar ya kakkaɓe. Ya ce shekarun baya ya kawo matarsa, uwar 'ya'yansa, da ƙari a ƙirji. Ya sayar da shanu ya kawo ta, don an ce nan akwai ƙwararru. Aka yi aiki, aka nuna masa kwalba, aka ɗora a taga. Ya mai da matar masauki yana jiran gwamnati ta kira shi.

"Wata biyu da kwana tara. Ina zuwa ina gaishe su, ina jin kunyar in matsa ma ma'aikata. Su suna tsammanin na kai, ni ina tsammanin sun kai. Kahin takarda ta hito, abin ya riga ya kama ko'ina. Nan munka rufe ta. Ban iya komawa in ce ma 'ya'yanta ga abin da yaf faru ba."

Ya nuna da haɓa ta saman katanga. Sai a lokacin na lura cewa daga inda yake zaune, ba daga wurin mai lemo ba, ba daga wurin mai shayi ba, ana hango tagogin ɗakin masu tiyata a jere.

Ya ƙanƙance ido ya ce, "Akwai kwalba biyu yau. Ɗaya tun shekaranjiya take."

Ya miƙe ya gyara malfa. "Zauna ka tsare mini kaya, bawana, in tahi neman masu su. Buta ba ragi."

Na zauna. Na sayar da buta biyu da tabarma ɗaya kafin ya dawo.